Yaya aka yi kwamfuta ta ƙanƙance haka?

Malam, ka tambayi yadda kwamfutar da a da take cika ɗaki ta dawo aljihu. Sirrin yana ga abin da ke kunna wuta da kashe ta a cikinta. Kwamfutar ENIAC, wadda aka ƙaddamar a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 1946, da kwalaben lantarki masu kunna wuta da kashe ta kusan 18,000 take aiki, nauyinta wajen tan 30. Ga zafi, ga shan wuta, kullum sai wata ta ƙone. A 1947 aka ƙirƙiro tiransisto a cibiyar bincike ta Bell Labs, ɗan mitsitsi mai yin aikin kwalbar. Zuwa 1971 kamfanin Intel ya cusa tiransisto guda 2,300 a ɗan guntun lantarki ɗaya mai suna 4004. Wayarka kuwa biliyoyi ne a cikinta, ko da ta hannu ka saya.