Filin Tambaya da Amsa: Wane Maratayi Ne Zai Riƙe Kyamara Mai Nauyi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoto ne a Garwa, aikina bikin aure da suna da hawan sallah. Ina aiki da Canon 5D Mark IV da dogon lensi 70-200. Maratayin da ya zo da kyamarar na sa mini ciwon wuya, sai na sayi na kafaɗa a kasuwa. Wata biyu ba a yi ba notinsa ya kwance ina cikin taro, Allah Ya sa na tare kyamarar da gwiwa. Wane iri zan saya da zan saki jiki da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah Ya ƙara tsarewa. Mu fara da awo. Jikin kyamararka da batiri ya kai giram 890, lensin kuma, in mai f/2.8 ne, ya kusa kilo ɗaya da rabi. Ka ɗora filasha, kana ɗauke da kusan kilo 3 ke nan. Wuya ba zai jure wannan daga hantsi zuwa magariba ba, don haka komawa maratayin kafaɗa daidai ne: a saɓa shi kamar hamilar takobi, daga kafaɗar hagu zuwa ƙugun dama, nauyin ya bazu a baya da ƙirji.

Amma da wuya ka ji bel ɗin kansa ya tsinke. Inda ake asara shi ne mahaɗa, wato noti da ƙugiya, kuma nan ya kamata idonka ya tsaya in kana ciniki.

Ramin da ke ƙarƙashin kyamara na kwata inci ne, an yi shi don ɗora ta a kan ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake girke kyamara, ba don ta yini tana lilo a ƙugu ba. Duk takun da ka yi sai kyamarar ta ɗan juya. In wuyan ƙugiya na juyawa sumul, shi ke shanye wannan murɗawa. In ƙurar hunturu ta shiga ta cije shi, sai murɗawar ta koma kan noti, yana sassautawa kaɗan-kaɗan har ya fita. Mai yiwuwa abin da ya same ka ke nan. Saboda haka ka nemi noti na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai robar matsewa a gindinsa. Ka ɗan jiƙa robar kafin ka ɗaure, ta fi kamawa. Da hannu za ka matse, kada ka sa filaya, don in haƙoran ramin suka cinye gyaran ya fi maratayin tsada. Tsawon haƙoran notin kada ya wuce milimita 5.5, in ya wuce zai tokare ƙarshen ramin kafin robar ta matsu, ka ji kamar ya ɗauru alhali bai kama ba. Bayan ka ɗaure, ka ja ɗan layi da jan farce daga kan notin zuwa jikin kyamara. Duk sanda ka duba ka ga layin ya rabu biyu, noti ya motsa.

Wani kuskure da ya yi yawa: ɗaura maratayi a jikin kyamara alhali dogon lensi na kanta. Lensin ya fi jikin nauyi, sai ya riƙa jan bakin da suka haɗu, a kwana a tashi wurin ya fara girgiɗi. Irin lensinka yana da zobe mai ƙafa a tsakiyarsa, kuma a ƙafar nan akwai rami irin na ƙarƙashin kyamara. Can za ka ɗaura notin.

Ita kuwa ƙugiya, wadda ba ta da makulli ka bar ta a shagon. Ta kirki tana da ɗan hannun riga da ake murzawa ya rufe bakin, kamar yadda kamfanin maratayi na BlackRapid ke yin nasu. Masu araha yawanci zubin tutiya ne, suna sheƙi amma ba sa lanƙwasa su yi maka gargaɗi, karyewa suke yi farat ɗaya. Peak Design sun bi wata hanya, ƙananan igiyoyi masu maɓalli da kamfanin ya ce kowace na ɗaukar kilo 90, kuma in saman igiyar ya goge har launin rawaya ya leƙo, lokacin canji ya yi. Sai dai jabun waɗannan sunaye sun cika kasuwa. Kafin ka amince wa kowane da kyamararka, ka rataya jarkar ruwa mai lita 10 a ƙugiyar, ka ɗaga, ka girgiza sau da yawa, sannan ka duba ɗinki da wuyan ƙugiya.

Ko wanne ka saya, kada kyamara ta dogara da mahaɗa ɗaya. Ka samo igiyar nailan mai kaurin milimita 3 ko 4, tsawon kamar taƙi ɗaya, ka ɗaura kai ɗaya a kunnen kyamara, inda ake saƙala maratayin wuya, ɗayan a jikin bel ɗin kansa, ba a ƙugiya ba. In noti ko ƙugiya ya saki, ita za ta riƙe. Faɗin bel kada ya gaza santimita 4, kuma ya zo da ɗan maɗaurin da ke bi ta ƙarƙashin hamata, shi ke hana matashin kafaɗa zamewa a kan shadda in kana bin dawaki da sauri.

Tambaya: Ina zuwa aiki a kan babur tsakanin unguwannin Njamena. Na ji akwai maratayi mai waya a ciki wanda wuƙa ba ta yanka shi. Ya dace da ni?

Amsa: A cikin cunkoson kasuwa, kina tafe a ƙasa, yana da amfani. A kan babur kuwa, 'yar'uwa, ba mu ba ki shawara ba, domin in aka fizge shi ba zai tsinke ba, ke zai jawo ƙasa. Ki sa kyamarar a jaka, jakar a gabanki, ki saɓa maratayi bayan kin sauka. Ramukan hanya ma suna sassauta noti fiye da tafiyar ƙasa.

Tambaya: A nan Marwa muna da dukawa gwanaye. Zan iya ba su su ɗinka mini?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam, aikin fatar Marwa sananne ne. Amma ka raba aikin biyu. Noti da ƙugiya ka sayi na asali, kada baduku ya sa maka na jakar hannu. Abin da zai ɗauki nauyi ya zama bel ɗin kujerar mota, wanda bai daɗe a rana ba, fatar ta zama rufi da matashin kafaɗa. Dalili shi ne gumin watan Maris da Afrilu na shiga fata, ta bushe, ta tsage daidai layin ɗinki, inda allura ta riga ta huda. A ɗinka mahaɗar da zaren nailan, murabba'i da giciye a ciki, tsawon santimita 4 aƙalla, a ƙona bakin bel da wuta don kada ya warware. Shi ma a yi masa gwajin jarka. Duk ƙarshen mako ka goge wuyan ƙugiya da tsohon buroshin haƙori, kuma kada ka zuba masa mai, don mai da ƙura in sun haɗu cin ƙarfe suke yi.