Yadda za ki jawo maigida cikin karatun yara

'Yar'uwa, kin ce maigidanki yana biyan kuɗin makaranta, amma ko sunan malamin ajin ɗansa bai sani ba. Kada ki fara da ƙorafi, iyaye maza da yawa gani suke in sun biya kuɗi sun sauke nauyi. Ki tura yaron ya kai masa littafi bayan sallar isha'i, ya ce, "Baba, duba min aikin gida." Da wuya uba ya ture wannan. Nawa maigidan da haka ya fara, yana koya wa 'yarmu lissafi a kan tabarma da tocilar waya. In ƙarshen zango ya zo, ki lallaɓa shi ya karɓo sakamakon da kansa, ya gaisa da malamin. Sau 3 ne kacal a shekara.