Fatsa a Bazara: Amsoshin Tambayoyinku Kan Kayan Kamun Kifi

Tun da sanyin hunturu ya janye, zafi ya fara kankama a tsakiyar Maris, saƙonnin da ke shigowa wannan fili suka karkata ga kamun kifi, musamman daga ma'aikata da ɗalibai na cikin birnin Kano da ke son fita madatsun ruwa a ƙarshen mako. Na zaɓi guda huɗu, na kuma taƙaita su saboda wuri.

Tambaya ta farko daga wani ma'aikaci ne da ke zaune a Tarauni. Ya ce: "Malam, ina yawan kallon bidiyon masu fatsa na Amurka a YouTube, suna cewa da zarar sanyi ya wuce kifi ya fi kamuwa, kuma da kifin roba mai launi-launi suke kama shi. Na tara 'yan kuɗi, ina so in yi odar sanda mai injin naɗe zare da akwati guda na kifin robar. Za su yi mini aiki a Tiga ko Bagauda a watan Afrilu?"

Ɗan'uwa, kafin ka tura kuɗin nan, ya kamata ka san abin da ke faruwa a cikin ruwan da kake gani a bidiyo. A arewacin Amurka tafkuna kan daskare a lokacin sanyi, kifi ya koma can ƙasa, ya rage motsi da cin abinci. Idan ƙanƙara ta narke daga Maris zuwa Mayu, ruwa ya fara ɗumi, sai kifin da suka fi nema, wanda suke kira bas, ya taso gaɓa da yunwa, ya yi sheƙa idan zafin ruwa ya kai kamar digiri 15 zuwa 20, kuma a wannan hali duk abin da ya gilma ta gabansa sai ya kai masa cafka. Bas maharbin kifi ne mai cin 'yan'uwansa, shi ya sa roba mai kama da ƙaramin kifi ke yaudararsa. Mu kuwa ruwanmu ba ya daskarewa, kuma abin da ke juya rayuwar kifi a nan abu biyu ne, wato janyewar ruwa a bazara da dawowarsa da farkon damina.

Ɗauki Tiga a matsayin misali, madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kimanin kilomita 70 kudu da birni. Duk tsawon rani ana sakin ruwanta domin noman rani na Kadawa da Kura, rana kuma tana shan nata rabon, saboda haka zuwa Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, za ka tarar gaɓa ta ja baya sosai, duwatsu da kututturan da ruwa ya rufe da kaka sun fito fili. Wannan yana da amfani ga mai fatsa, domin kifi ya taru a wuri kaɗan, kuma idonka na ganin inda tsohuwar hanyar kogi ta bi. Amma yana da nasa cikas: ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, don haka da tsakar rana manyan kifaye kan sauka inda ke da zurfi ko su fake a inuwar duwatsu, su yi biris da duk abin da ka jefa musu.

Yanzu duba kifayen da za ka fi haɗuwa da su. Karfasa ita ce mafi yawa, kuma abincinta gansakuka ne da ƙananan halittun ruwa, ba ta da wani sha'ani da babban kifin roba. Da ruwa ya yi ɗumi take hayayyafa. Idan ka tsaya a gaɓa mai yashi da safe, ruwa ya lafa, za ka iya ganin wasu 'yan ramuka zagayayyu kamar an danna ƙwarya a ƙasa, namiji ne ya share su, yana tsaye a tsakiya yana korar duk wanda ya matso, macen kuma ta kwashe ƙwai ta riƙe a bakinta har su ƙyanƙyashe. Tarwaɗa da ragon ruwa da kurungu kuwa da ƙamshi da gashin bakinsu suke neman abinci a ƙasan ruwa, galibi da dare. Cikin kifayenmu, giwan ruwa da zawai ne suke farauta da ido har roba ko ƙarfe mai ƙyalli ya ja hankalinsu, kuma giwan ruwa yana son ruwa mai zurfi da wadatar iska, wanda ba kasafai mai tsayuwa a gaɓa yake kai wa gare shi ba sai da kwale-kwale.

Shawarata ke nan: sandar da injin ka saya, domin suna ba ka damar jefa ƙugiya nesa, abin da ke da muhimmanci a lokacin da gaɓa ta zama taɓo. Nemi sanda mai matsakaicin ƙarfi, tsawonta mita 2 zuwa 2 da rabi, mai rabuwa biyu don ta shiga mota ko ta ɗauru a babur, kuma ka murɗa injin a hannunka ka ji ba ya cijewa. Akwatin kifin robar kuwa ka bar shi. Biyu ko uku sun ishe ka gwaji, fari ko mai ruwan azurfa guda ɗaya da kuma cokalin ƙarfe mai juyawa, ragowar kuɗin ka ajiye na mai da na ɗan kwale-kwale.

Tambaya ta biyu daga wani ɗalibi ne a Kabuga: "Na je sayen zare da ƙugiya, mai shago ya zube mini lambobi iri-iri, na rasa na ɗauka. Wanne ya dace?"

Ɗana, lambar ƙugiya tana tafiya ne a baibai, wato idan lambar ta ƙaru ƙugiyar ƙanƙancewa take yi, saboda haka lamba 12 ta fi lamba 6 ƙanƙanta. Sai an wuce lamba 1 ne lissafin ke juyawa, inda za ka ga 1/0 da 2/0 da 3/0, su kuma suna ƙara girma. Bakin karfasa ƙarami ne, lamba 10 zuwa 12 ce daidai da ita, kuma mafi yawan masu kukan cewa kifi na cinye musu tana ba tare da ya kamu ba, ƙugiyarsu ce ta yi girma. Tarwaɗa da ragon ruwa suna buƙatar 1/0 zuwa 3/0 mai kauri wadda ba za ta miƙe ba. Kafin ka biya, ja tsinin ƙugiyar a hankali a kan farcen babban yatsanka: mai kaifi za ta kama ta bar zane, dakusasshiya kuwa sulɓewa za ta yi.

Zaren roba ana rubuta kaurinsa a jikin kwali da milimita. Na 0.25 ya wadatar wa karfasa, na 0.40 zuwa 0.50 kuma na tarwaɗa ne da duk kifin da zai ja ka cikin duwatsu. Idan zawai kake nema, sai ka ƙara guntun waya a gaban ƙugiya, domin haƙoransa suna datse zare kamar almakashi. Abin da na fi so ka kiyaye shi ne inda aka ajiye zaren, saboda hasken rana yana cinye ƙarfin roba. Na taɓa sayen wani a wani shago da ya rataye kayansa a waje, ban gwada ba, ranar da na fara jin nauyin kifi na kirki a hannuna zaren ya tsinke a daidai ƙulli, na koma gida da sanda kawai. Tun daga ranar nake warware kamu ɗaya, in ƙulla shi, in naɗe a hannu in finciko. Idan ya tsinke da sauƙi, ko kuwa launinsa ya dusashe ya yi gari-gari, na mayar wa mai shi. Dalmar nutsarwa saya kaɗan, abin da zai yi yawo a saman ruwa ya nuna maka kifi ya taɓa kuwa, guntun totuwar kara ko na tsohon silifa yana yin aikin da na kanti zai yi.

Ta uku ta zo daga wani tela a Fagge, wanda ranar Lahadi kaɗai yake samun sarari: "Akwai wani abincin kifi na leda da ake tallatawa, an ce yana kiran kifi daga nesa. In saya? Kuma wane lokaci ya fi dacewa in isa bakin ruwa?"

Malam, ban ga dalilin kashe kuɗi a kansa ba. Tana, wato tsutsar nan ta cikin ƙasa, ita ce kan gaba ga kusan kowane kifi namu, sai dai a bazara ƙasa ta bushe, ba a samunta sai a gefen lambu ko inda ruwa ke kwanciya, don haka ka haƙo ta tun ranar Asabar ka ajiye a gwangwani da danshin ƙasa a inuwa. Karfasa tana karɓar ƙullin dusa da aka kwaɓa da ɗan tuwo ya yi danƙo, kuma idan ka watsa dusa kaɗan a wuri ɗaya kafin ka fara, za ta taru. Tarwaɗa kuwa hanjin kaza ko hanta ko guntun ƙaramin kifi take so, abin da mai sayar da kaji zai ba ka kusan kyauta.

Batun lokaci ya fi batun abinci muhimmanci a bazara. Ka yi sallar asuba ka kama hanya, ko ma ka kwana kusa, ta yadda fitowar rana za ta same ka a gaɓa, ka yi aiki zuwa hantsi. Daga nan ka nemi inuwa har bayan la'asar, sannan ka koma zuwa magariba, lokacin da tarwaɗa ke fara matsowa. Sai kuma ka sa ido a kan ruwan farko, wanda a Kano yakan sauka tsakanin Mayu da Yuni. Idan aka yi mamako, rafuka suka fara kwararo jan ruwa cikin madatsa ɗauke da ƙwari da tsutsotsi, shinge ya tashi da dare, to kifi yakan yi dafifi a bakin waɗannan mashigai, kuma shingen da yara ke tarawa a ƙarƙashin fitila abincin ƙugiya ne mai kyau ƙwarai. A daidai wannan lokaci ne tarwaɗa ke haurawa cikin ciyawar da ruwa ya shanye domin zuba ƙwai, saboda haka idan ka kama mace mai ciki tiƙis, ni a ganina sakinta ya fi, don guda ɗaya tana ɗauke da dubban ƙwai. Masu zuba guba irin su Gamalin a ruwa kuwa, kada ka yi tarayya da su, kada kuma ka ci abin da suka kama.

Kada in manta, duk ruwan da ka je, fara da gaida masuntan wurin, ka tambayi Sarkin Ruwa ko wakilinsa. Su ne suka san inda aka shimfiɗa ragar kalli da mamari, wato dogon zare mai jerin ƙugiyoyi, waɗanda idan zarenka ya sarƙe a ciki za ka yi asara ka kuma jawo rigima, kuma su ne za su nuna maka inda rami yake. Idan don ci kake kamu, Tiga da Challawa ta Ƙaraye da Watari ta Bagwai da Thomas ta Ɗambatta sun fi kwanciyar hankali a kan madatsar Jakara da ke Wasai, wadda ruwan kwatocin birni da na masana'antun Bompai ke gangarawa cikinta.

Tambaya ta ƙarshe daga wata uwa ce a Gwale: "Ɗana mai shekara 15 ya dame ni in saya masa kayan fatsa, yana so ya riƙa bin kawunsa dam. Kuɗina ba su da yawa. Me zan fara saya?"

Hajiya, fara da rigar kariya daga nutsewa, wadda ta yi masa daidai, mai maɗauri a ƙirji da ƙugu. Ki sa ya saka, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga sama: idan ta zame ta rufe masa kunnuwa, ta yi masa yawa, a ruwa ma haka za ta zame. Ruwan madatsa yaudara gare shi, mutum na tafiya iya gwiwa sai ya faɗa tsohuwar hanyar kogi, ga taɓon bazara mai riƙe ƙafa, ga iskar farkon damina da ke tasowa ba sallama. Mutanen Kano ba su manta da kifewar kwale-kwalen Bagwai a ƙarshen Nuwamba 2021 ba, inda aka rasa rayuka da dama, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Bayan rigar sai takalmin roba mai tsawo, domin gaɓa mai ciyawa ita ce matattarar dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, kuma idan ya taɓa ganin jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani. Ki kuma ja masa kunne cewa da zarar hadari ya haɗu ana walƙiya, ya ajiye sanda ya bar bakin ruwa. Sandar kanta kada ta ɗaga miki hankali: gora mai tsawon mita 3, zare na 0.25, ƙugiya lamba 10 guda goma da hular rana sun ishe shi karfasar wannan bazarar, injin naɗe zare kuma ya jira sai kawun nasa ya shaida cewa ya iya ƙulli.