Ɓeran da aka zare wa ƙwayar gado: amsa ga ƙanwata

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce kin samu gurbin digiri na uku a nan Birtaniya, aikin kuma a kan borin jini ne da ɓerayen da ake kira nokawut, kina tambaya ko ki karɓa. A ƙarshe kuma kika saka, kamar ba komai ba, cewa kina da asma tun kina yarinya. Zan dawo kan wannan.

Nokawut ɓera ne da aka kashe masa ƙwayar gado guda ɗaya tun yana ƙwai, kamar bakanike ya zare fis ɗaya ya ga wace fitila za ta mutu. An samu na farko a 1989, kuma a kan wannan dabara Capecchi da Evans da Smithies suka ci kyautar Nobel a 2007. Tun zuwan CRISPR, wato dabarar yanke ƙwayar gado daidai inda ake so, abin da ke cin shekara biyu ya koma 'yan watanni. Yawanci ma ba ke za ki ƙirƙiro shi ba, ana oda daga wurare irin su Jackson Laboratory da ke Amurka.

Ɓera ba ya asma da kansa, mu muke ɗora masa. Ana yi masa allurar furotin na farin ƙwai haɗe da sinadarin alminiyum, bayan kwanaki a sa ya shaƙi furotin ɗin, ko a riƙa ɗiga masa ruwan ƙwarin ƙura a hanci. Sai a wanke huhunsa a ƙirga ƙwayoyin garkuwar da suka taru, a auna IgE a jini (furotin garkuwar jiki da ke tayar da bori), a duba majina. Idan mai cikakken gado ya kumbura, nokawut bai kumbura ba, to ƙwayar da aka zare tana da hannu. Ta haka aka gano muhimmancin IL-4, wani furotin da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna saƙo da shi, wanda aka yi nokawut ɗinsa a Jamus a 1991, da ɗan'uwansa IL-13. Maganin Dupixent da Amurka ta amince da shi a 2017, waɗannan biyun yake toshe wa hanya.

Amma kada ki ɗauki maganar ɓera kamar yankan wuƙa. A 1994 aka yi ɓerayen da ba su da IgE ko kaɗan, ana zaton sun tsira daga mummunan borin da ke sumar da mutum nan take, sai ga shi ya kama su ta wata hanyar. IL-5, wani ɗan'uwan IL-4, shi ma haka: an zare shi, huhun ɓera ya lafa, aka gwada maganin da ke toshe shi a kan mutane a 2000 bai taɓuka abin kirki ba. Sai da aka ware masu irin asmar da ta dace da shi, sannan maganin ya samu izini a 2015.

Abin da tallan gurbin ba zai faɗa miki ba shi ne, rabin aikin kiwo ne. Cikin ɓera kwana 20 ne ko kusa, yaye mako uku, sannan ki jira su kai mako shida zuwa takwas. In iyayen kowanne na ɗauke da rabin gadon, ɗaya cikin huɗu ne zai fito nokawut. Sai ki tsinke ɗan fatar kunne, ki yi PCR, gwajin da zai nuna wane ne nokawut, ki jira. Na taɓa jiran wata biyu ina neman mata shida, aka haifa min maza zalla. Akwai kuma batun jinsi, wato irin ɓeran: BALB/c fari ne, borinsa da sauƙin tashi, C57BL/6 baƙi ne, ga cizo. In naki yana kan jinsin da bai dace ba, mayar da shi na cin zuriya goma, sama da shekara biyu. Wannan ki tambayi sufabaiza tun kafin ki sa hannu.

Dokar Birtaniya ta 1986 kan gwaji da dabbobi ta hana ki yi wa ɓera ko allura ɗaya sai kin yi kwas kin karɓi lasisi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Kuma kowane gwaji yana ƙarewa da kashe su, da hannunki. Na ga waɗanda suka saba, na ga wadda ta koma aikin kwamfuta bayan wata uku, ban kuma ga laifinta ba.

Sai asmarki. A fitsarin ɓera akwai furotin mai suna Mus m 1, yana tashi da ƙurar keji. Mutane lafiyayyu ma yana fara musu da atishawa da jan ido, wasu ya kai su ga asma. Ni yanzu ba na buɗe keji sai da takunkumi, a ƙarƙashin na'urar zuƙe iska. Ki rubuta asmar a fom ɗin lafiyar ma'aikata, ki nemi a auna numfashinki, ki kuma tambaya ko akwai ma'aikatan da ke sauya shimfiɗar keji, domin nan ƙurar ta fi tashi. In amsoshin sun gamsar, ki karɓa.