Filin Masu Keke: Tambayoyinku Kan Tsofaffin Kekunan Tsere na Ƙarfe

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun shafi tsofaffin kekunan tsere da ke shigowa kasuwanninmu cikin kayan gwanjo daga Turai. Mun zaɓi huɗu, mun taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

Tambaya daga wani mai karatu a Kano: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi keke na hannu mai lanƙwasasshen kai da siririyar taya. Tambarin Raleigh ne a goshinsa, 'yan sandunan canja giya kuma suna jikin bututun da ya gangaro daga wuya zuwa wajen feda. Fentinsa ja ne da baƙi da rawaya, akwai kuma ragowar wata takarda da aka manna mai lamba 531. Wanda ya sayar mini ya ce da irinsa aka ci babbar gasar Faransa. Ta yaya zan tabbatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar mai sayarwa tana da tushe, amma ba ta kai hujja ba. Gaskiya ne a 1980 Joop Zoetemelk, ɗan ƙasar Holan, ya lashe gasar Tour de France a kan keken Raleigh mai waɗannan launuka na ƙungiyar TI-Raleigh. Sai dai da kamfanin ya ga launukan sun karɓu, ya shafa su a kan kekuna masu araha da yawa, waɗanda in ban da fenti babu abin da ya haɗa su da na ƙungiyar. Don haka launi ne shaida mafi rauni, kuma da shi aka fi ruɗin mai saye.

Mu nan mun san Raleigh ne ta baƙin keken nan mai tambarin zalɓe da birkin sanda, wanda iyayenmu suka hau zuwa gona da kasuwa, har aka riƙa harhaɗa shi a Kano. Keken tsere jinsi ne daban, kuma darajarsa tana cikin bututun da aka ƙera firam ɗinsa da shi. Lambar 531 sunan wani ƙarfe ne da kamfanin Reynolds na birnin Birmingham a Ingila ya fito da shi a 1935, ƙarfe mai ƙwari wanda ake iya sirantar da bangonsa ba tare da ya yi rauni ba. A nau'insa mafi kyau, bangon bututun yana da ɗan kauri a bakuna biyu, inda wuta ke taɓa shi lokacin haɗawa, tsakiyarsa kuwa ba ta kai milimita 1 ba. Daga nan sauƙin nauyin yake, daga nan kuma taushin da mahayi ke ji idan ya bi hanya mai gargada. Amma takardar ma ba a dogara da ita kaɗai, domin wata tana nufin manyan bututu uku ne kawai na 531, wata kuma wani ne ya saye ta ya manna.

Abin da ba ya ƙarya shi ne awo. Zare sandar sirdi ka duba lambar da aka buga a jikinta. Idan ka ga 27.2, wato faɗinta ke nan a milimita, alama ce mai ƙarfi cewa bangon bututun siriri ne. Idan ka ga 25.4 ko kusa da haka, ƙarfe ne mai kauri na keke mai araha. Sannan ka ɗora keken a sikeli: na ƙwarai yana kusa da kilo 10, mai araha kuwa yakan kai 13 ko 14. Dubi kuma bakin firam inda ƙafar baya ke shiga. A keke mai daraja ƙerarren ƙarfe ne mai kauri, sau da yawa da sunan kamfanin Campagnolo a jiki da ɗan siririn noti na saiti, a mai araha kuwa falle ne da inji ya yanko.

Lambar firam, wadda galibi take ƙarƙashin gidan feda, wato inda sandar da ke haɗa fedoji biyu ke juyawa, ko a bayan bututun sirdi, ita za ta faɗa maka inda aka yi shi. Daga 1973 Raleigh ya riƙa fara lambar da harafin masana'anta: N na Nottingham, W na Worksop, inda ake yin kekuna masu kyau, kuma alƙalami na farko bayan haruffan shi ne alƙalamin ƙarshe na shekarar da aka yi keken. Kekunan ƙungiyar kansu a wata ƙaramar ma'aikatar Raleigh da ke garin Ilkeston na Ingila aka ƙera su, kuma waɗanda ta sayar wa jama'a suna farawa da SB. Idan kayan giya na Shimano ne, nemi haruffa biyu a bayansu, harafin farko shi ke nuna shekarar da aka yi su, A tana nufin 1976, B 1977, haka har gaba. A ganina, ko da naka bai fito daga Ilkeston ba, muddin W ne kuma sandar 27.2 ce, ka yi sayayya mai kyau.

Tambaya daga wani mai karatu a Maraɗi: Barka da aiki, Malam. Ina da tsohon Peugeot fari mai tambarin zaki. Gidan feda ya fara ƙara, na kai wa mai gyara, ya gwada sababbin kaya iri uku babu wanda ya shiga, yanzu yana so ya buga ɗaya da guduma. In bar shi?

Amsa: Kada ka bar shi, ɗan'uwa, ka karɓo kekenka yau. Ba laifin mai gyaran ba ne da kayansa suka ƙi shiga. Faransawa ne suka daɗe suna bin ma'auninsu na kansu. Zaren gidan feda na Ingila, wanda kusan duk kayan kasuwa ke bi yanzu, inci 1.37 ne, kuma ɓangaren sarƙa ta hagu ake ɗaure shi. Na Faransa milimita 35 ne, duk ɓangarorin biyu ta dama. Bambancin bai kai rabin milimita ba, shi ya sa ake ganin kamar ɗan ƙarfi kaɗan zai shigar da shi, alhali da zarar an tilasta, zaren firam ya cinye, kuma firam ɗin ne ba shi da madadi. Sai a cikin shekarun 1980 Peugeot ya bar wannan ma'auni.

Mafita mai sauƙi ce. A kwance tsofaffin kofunan da ke riƙe boris a gidan feda, a wanke da kananzir, a duba ko hanyar da boris ke bi ta rarake. Idan sumul take, boris kawai za a canja, ƙwaya 11 a kowane gefe masu girman rubu'in inci, irin waɗanda ke wurin kowane mai gyaran keke, a cika da sabon giris. Ƙarar takan ɗauke daga nan. Wannan bambancin ma'auni yana nan a feda ma, domin zaren Faransa milimita 14 ne, na kasuwa ya ɗan fi shi, sai mai injin dira da ya san aikinsa ya sake yanka zaren a hankali. Wuyan da ke riƙe kan keken ma faɗinsa milimita 22.0 ne, ba 22.2 irin na kasuwa ba. Idan ka ga an rubuta AVA a jikin wuyan, ka bincika shi sosai a cikin haske, domin wasu daga cikinsu sun yi suna wajen tsagewa, kuma karyewar wuya ana cikin gudu ba ƙaramin haɗari ba ne. Kada ka zubar da ko noti ɗaya da aka cire daga keken nan.

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: Malam, keken mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, ya shekara da yawa a ɗakin ajiya. Tsatsa ta kama shi, sirdi ya ƙi motsi, kuma na ga ɗan tsagu kusa da wuya. Ina so in kai shi walda, daga nan a yi masa sabon fenti.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya sa ya huta. Ina roƙonka ka dakata da waldar da fentin duka, domin abin da ya fi hallaka waɗannan kekuna a wurinmu ba tsufa ba ne, gyaran gaggawa ne. Ba a narka bututun irin wannan firam ba lokacin ƙera shi. An cusa bakin kowane bututu ne cikin mahaɗa ta ƙarfe, aka ɗumama da wutar gas, aka bar narkakkiyar tagulla ko azurfa ta shige tsakaninsu ta riƙe. Waldar lantarki irin ta ƙofa da taga za ta huda bangon nan siriri nan take, inda bai huje ba kuma ya yi gautsi.

Fara da tantance tsagun. Ka kankare fentin wurin kaɗan. Idan fentin ne kawai ya dare, to alhamdu lillahi. Amma ka shafa yatsa ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, dab da wuya: idan ka ji kumburi ko tattara, keken ya taɓa yin karo ta gaba, kuma mai yiwuwa ƙafafun da ke riƙe tayar gaba sun koma baya. Idan ƙarfen kansa ne ya tsage, kada kowa ya hau shi har sai wanda ya iya aikin tagulla da gas ya cire bututun ya sa wani. In ba a samu irin wannan gwani ba, gara a goge keken a ajiye shi a gida don tunawa da mai shi.

Sirdin da ya ƙi motsi kuwa, sandarsa alminiyom ce cikin baƙin ƙarfe, kuma idan danshi ya shiga tsakaninsu babu giris sai su manne. A ɗiga man da ke sassauta noti daga sama, a kifa keken a zuba ta cikin gidan feda, a ba shi kwanaki, sannan a kama sandar a murɗa firam ɗin a hankali. Kada a ɗora wa sandar wuta, domin alminiyom ya fi ƙarfe kumbura, sai ta ƙara cijewa. Tsatsar sama tana fita da ruwan khal da lallausan soson ƙarfe, bayan haka a busar da kyau a shafa kakin mota, a fesa mai a cikin bututun. Ni ban goyi bayan sabon fenti ba matuƙar na asali ya rufe yawancin jiki, domin da shi da tambarinsa ake gane keken, kuma masu saye da suka san abin sun fi daraja tsohon fenti mai tabo a kan sabo mai sheƙi.

Tambaya daga wata mai karatu a Jos: Malam, ɗana yana zuwa makaranta da irin wannan keke. Mun sayi taya sau biyu ba ta zauna ba. Kuma shin hawa kullum ba zai lalata shi ba?

Amsa: Hajiya, hawa ba ya lalata shi, ajiya cikin danshi ce ke yi. Batun taya kuma, a daina faɗa wa mai shago inci, a karanta lambar da ke gefen tsohuwar tayar. Idan ta ƙare da 630, inci 27 ke nan na da. Idan 622 ce, ita ce 700C da ake yi yanzu. 635 kuwa ta baƙin keken gida ce. Ko ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Idan 630 ta yi wuyar samu, ana iya canja ƙafafun gaba ɗaya zuwa 622, sai a sauko da robar birki milimita 4, muddin hannun birkin yana da sauran wurin saukowa. A zaɓi taya mafi faɗi da firam zai ɗauka, milimita 28 ko 32, saboda ramuka da ƙaya.

Abin da na fi damuwa da shi a Jos shi ne gangara da ruwan sama. Idan rim ɗin ƙarfe ne mai ƙyalli, birki ba ya kama shi sosai in ya jiƙe, don haka a nemi na alminiyom kafin damina. A canja robar birki da wayoyinsa ko da suna da kyan gani, domin tsohuwar roba takan ƙeƙashe. Yaron kuma ya koyi canja giya a fili tukuna, tun da sai ya saki hannu ɗaya daga kan keken kafin ya kai ga sandar.