Kada ka kwance injin faks ɗin nan tukuna

Ka ce a ofishin masu casar shinkafar da na tura ka, a nan Birnin Kebbi, an jona injin faks da layin wayar intanet. In ka ɗaga kan waya murya na fita tar, amma da ka sa takarda sai injin ya yi kuka ya katse, ko rabin shafi ya isa, sauran ya koma zane-zane. Kana tambaya ko ka ɗauko shi mu buɗe a shago.

Bar shi inda yake, ɗana. Sa takarda ka danna maɓallin kwafi. In ta fito fes, to idon injin da abin bugawarsa lafiya lau suke, matsalar tana kan layi. In ka ga baƙin layi ya ratsa shafin daga sama har ƙasa, ƙurar hunturu ce ta kwanta a siririn gilashin ciki, tsumma mai laushi ya ishe ta.

Wannan kukan da kake ji magana ce tsakanin injuna biyu. Mai kira yana sakin sauti mai kaɗawa 1100 a daƙiƙa, mai amsawa ya mayar da na 2100. Daga nan su yi ciniki a hankali, bit 300 kacal a daƙiƙa (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, sifiri ko ɗaya): wane gudu kake iyawa, wace irin takarda gare ka. Sai mai aikawa ya gwada layin. In 14,400 bai yiwu ba ya sauko, har zuwa 9,600 ko 4,800. Shafin kansa ɗigo-ɗigo ne, fari da baƙi, aka mayar da su sauti. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da ke Janeba ita ta tsara wannan ƙa'ida mai suna T.30, kuma injunan da muke gani yau 'yan rukuni na uku ne, tsarin 1980. An yi su ne don wayar tagulla irin ta zamanin NITEL, wadda kai ba ka taras ba. A lokacin, da kira ya shiga hanya ta zama taka kai kaɗai, sauti na tafiya a jere ba yankewa har ka aje waya.

Wayar intanet ba haka take aiki ba. Yayyanka sautin take yi ƙunshi-ƙunshi, galibi kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa kowane ƙunshi, ta watsa su cikin cunkoson sauran kaya. Kamar ka yayyaga wasiƙa layi-layi ka rarraba wa 'yan kabu-kabu hamsin su kai Argungu: wani zai riga wani, wani zai tsaya shan mai, wani ma ba za a sake jin ɗuriyarsa ba. Kunnen mutum ba ya damuwa da wannan. In gutsuren kalma ya ɓace, kai da kanka kake cike gurbin ba ka ma sani ba. Injin faks kuwa a gudun 14,400, ƙunshi ɗaya da ya faɗi bit 288 ne suka tafi, kuma yakan rasa inda ya tsaya gaba ɗaya. Shi ya sa jin murya tar ba ya nuna maka komai game da faks.

Sai kuma abin da ya fi kashe shi, wato matse murya. Kamfanoni da yawa suna sa tsarin G.729 don tattalin data, bit 8,000 a daƙiƙa. An gina shi ne a kan yadda maƙogwaron ɗan Adam ke fitar da sauti, duk abin da bai yi kama da magana ba sai ya murɗe shi. Faks ba ya wucewa ta nan, ko ka kwana kana gwadawa. Wanda ke barin sautin kusan yadda yake shi ne G.711, mai bit 64,000, kuma da kayan da ake naɗe shi da su ka lissafa kusan 90,000 zuwa, 90,000 dawowa. Iri biyu ne, wanda Arewacin Amurka da Japan ke amfani da shi, da na galibin sauran duniya mai alamar A. Ka zaɓi wanda kamfanin layin ya ce.

Duk wannan saitin yana cikin ƙaramin akwatin nan da ake kira ATA, wanda wayar injin ke shiga bayansa, irin su Grandstream ko Cisco. Shiga shafin saitinsa ta kwamfuta. Akwai wurin da yake daina aikawa in ya ji shiru, kashe shi, domin shirun faks ma yana cikin maganarsa. Mai danne amsa-kuwwa shi ma kashe shi a ramin da faks yake. Ma'ajiyar da ke tara ƙunshi kafin ta jera su, sa ta a tsayayyen girma, kada ta riƙa faɗaɗa tana tsukewa ana tsakiyar shafi.

Hanyar da ta fi duka ita ce T.38, wadda ITU ta fitar a 1998 takanas don wannan matsala. A nan akwatin ba ya ɗaukar kukan ya tura. Yana saurarensa, ya zare ainihin bayanan shafin, ya aika su a matsayin data, kuma kowane ƙunshi na iya goyo kwafin waɗanda suka gabace shi, ta yadda in ɗaya ya faɗi na bayansa ya cike. Can ɗaya ɓangaren a sake mayar da su kuka. Injin bai san an yi masa wayo ba. Sai dai kunna shi a akwatinka kaɗai aikin banza ne in kamfanin layin ba ya karɓa, wani lokaci ma shi ke katse kiran daidai lokacin da ake ƙoƙarin juyawa. Saboda haka kafin ka taɓa komai, kira su ka tambaya ƙarara. In suna da shi, kunna. In babu, kashe shi ka tsaya kan G.711.

A jikin injin, rage gudu zuwa 9,600. In sabo ne mai gudun 33,600, kashe wannan tsarin, kwaɗayinsa ne ke jawo yankewa. Kada ka aika da saitin ingancin rubutu mafi kyau in na yau da kullum zai karantu, don daɗewar shafi a hanya ita ke ba matsala damar same shi.

Akwai wani saiti, ECM, da masu sana'a ke saɓani a kai. Aikinsa shi ne injin karɓa ya ce yanki kaza bai iso daidai ba, a sake turo shi. Da yawa za su ce ka kashe, domin a layi mai ramuka maimaitawar na yin yawa har kira ya faɗi. Gaskiya ne. Amma ni ba na fara kashe shi. In babu shi, injin zai buga maka cewa saƙo ya tafi alhali layi biyu sun ɓace, kuma takardun waɗannan mutane na odar kayan gyaran inji ne, lamba ɗaya ta gurɓace an turo musu abin da ba su saya ba. Fara rage gudu da ECM a kunne. In ya ƙi, sannan ka kashe, ka kuma gaya musu su riƙa kiran mai karɓa ya karanto lambobin.

Jona akwatin da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a ofishin, ta igiya, ban da Wi-Fi. In intanet ɗinsu na layin salula ne, gwada da safe, ka sake gwadawa da yamma lokacin da kowa ya hau. In na faranti ne mai kallon tauraron nesa, zuwa da dawowa ya haura rabin daƙiƙa, T.38 kusan dole ne. Wuta kuma: tsohon layi da tasa wutar yake zuwa daga ofishin waya, bolt 48, shi kuwa wannan akwati da rauta suna mutuwa tare da fitila. 'Yan daƙiƙun juyawa zuwa janareto sun isa su kashe shafi, don haka ɗora su duka a kan batir. Ka kuma sanar da su cewa layin nan bai fi ƙarfin intanet ɗin da ke ɗauke da shi ba. Lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumba na 2021, duk abin da ya rataya a hasumiyar salula tsayawa ya yi.

In injin mai naɗaɗɗiyar takardar nan ce mai santsi, su yi hoton duk abin da ya shigo nan take. Zafin Maris da Afrilu na garin nan yana cinye rubutunta a cikin durowa.

Manajan kuma ka faɗa masa gaskiya cikin ladabi. Har yanzu akwai kamfanoni a Japan da Jamus da ke riƙe da faks, in abokan cinikinsa na cikinsu to dole a lallaɓa injin. In kuwa suna karɓar imel, ɗaukar hoton takarda a tura ya fi sauƙi da arha, kuma akwai masu ba da lambar faks da ke juyo saƙon kai tsaye cikin imel. Zaɓi nasa ne.

Gobe ka ɗauki doguwar igiyar netwok a shago. Fara da shafi ɗaya, sannan biyar a jere, ka sa a aiko maka ma ka ga karɓa. Takardar rahoton da injin ke bugawa bayan kowane aike, ka taho mini da ita, ina so in ga gudun da suka daidaita a kai.