Malamin lesin: mai takardu ko mai riƙe aji?

Tambaya: Malam, ɗana na sakandare yana shan wuya a lissafi da darasin tattalin arziki. Na samu malaman lesin biyu. Ɗaya yana da digiri na biyu a tattalin arziki amma bai taɓa riƙe aji ba, ɗayan kuma ya daɗe yana koyar da lissafi. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Hajiya, ni dai na fi karkata ga na biyun. Yaron da tattalin arziki ke ba wa wuya, galibi a lissafi ciwon yake: kaso cikin ɗari, karanta zanen buƙata da wadata, gane me gangaren layi ke nufi. Wanda ya daɗe a aji ya san wuraren da yara ke tuntuɓe tun kafin su kai wajen.

Amma kada ki yanke hukunci da takarda kaɗai. Ki nemi kowannensu ya yi darasin gwaji, ki zauna a gefe. Ki ba da wannan tambayar: mai kaya ya ƙara farashi da kashi 10 cikin 100, masu saye suka ragu da kashi 20, cinikinsa ya ragu da nawa? Yara da yawa za su ce kashi 10, wai an cire 10 daga 20. Amsar kashi 12 ce, domin 1.1 sau 0.8 ya ba da 0.88. To a nan za ki zuba ido. Malamin ya fizge biro ya rubuta amsar da kansa, ko kuwa ya ce "nuna min yadda ka yi", ya bar yaron ya gano kuskurensa? Wanda ya bar yaron ya gano da kansa shi ake nema.

A 1984 Benjamin Bloom, masanin harkar ilimi na Jami'ar Shikago, ya ruwaito cewa matsakaicin ɗalibin da aka koyar shi kaɗai ya zarce kusan kashi 98 na 'yan aji. Binciken da aka yi daga baya bai samu tazara mai yawa haka ba, kuma a lura, ɗaliban nasa ana yi musu gwaji a kai a kai ana gyara musu. Don haka ki tambayi malamin yadda zai riƙa auna yaron.

Tambaya: Malam, malamin 'yata yana yi mata aikin gida, makinta ya hau. Da matsala?

Amsa: Akwai, Alhaji. Ka ba ta irin tambayar aikin gidan da wasu lambobi daban, lokacin da malamin ba ya nan. In ta kasa, ka yi masa magana, in bai daina ba ka nemi wani.